Mannannen katako, siminti ko tubalin matsi: da me za mu yi ginin Tawa?

Muna da fili a bayan garin Tawa, ta hanyar Ƙwanni, wanda mahaifinmu ya bari. Shekara uku ke nan ana maganar gina shi: shaguna uku a ƙasa, a sama kuma ɗakuna biyu inda yaran unguwa za su riƙa darasin yamma. Ranar da aka zauna zancen kayan gini, sai baki ya rabu. Kawu ya ce siminti, babu wata magana, ga masana'antar siminti ta Malbaza nan kusa da mu. Ƙanena, wanda ya karanta aikin injiniya, ya fiddo waya ya nuna mana wani bene a ƙasar Norwe mai hawa 18, tsayinsa mita 85, an gama shi a 2019, ginshiƙansa duk katako. Ya ce, "Yaya, mutane sun fara barin siminti, mu ma kada a bar mu a baya." Ni kuwa na daɗe ina duba aikin gini a Yamai, kuma zuciyata tana wajen ƙasa, wato tubalin da ake matsewa da inji. Na yi musu alƙawarin zan auna ukun tsakani da Allah. Ga abin da awon ya ba ni, ko zai amfani wani mai fili irin namu.

Hujjar ƙanena mai ƙarfi ce. Daga dutsen farar ƙasa ake yin siminti, a gasa shi cikin tanderu har zafi ya kai digiri 1,450. Iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, tana fita ta hanya biyu: daga makamashin da aka ƙona, da kuma daga jikin dutsen kansa, domin idan ya gasu sai ya saki iskar da ke ɗaure cikinsa. Ta biyun ita ta fi yawa, kuma ko da me aka hura tanderun sai ta fita. Shi ya sa siminti kaɗai ke ɗauke da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon da duniya ke fitarwa. Rabon Nijar a wannan hayaƙi bai taka kara ya karya ba, amma zafin da ambaliyar a kanmu suke sauka. Wanda ya ce ba ruwanmu da maganar, bai kwana a ɗakin kwano cikin watan Afrilu ba.

Katakon da ya nuna mana ba irin na kasuwa ba ne. Iri biyu ne manya. Na farko, a yanka katako falle-falle, a busar, a shafa gam, a jera su duk a miƙe, a matse, har su zama ginshiƙi ko azara mai tsawon da babu bishiyar da za ta ba ka shi. Wani Bajamushe, Otto Hetzer, ya yi wa dabarar rajista tun 1906. Na biyu, wanda ake kira CLT, a Ostiriya da Jamus aka raya shi cikin shekarun 1990: shimfiɗa ɗaya a miƙe, ta bisanta a gicciye, ta gaba a miƙe, kamar saƙar tabarma, hawa uku ko biyar ko bakwai, sai ya zama faffaɗan allo da zai tsaya a matsayin bango ko daɓen bene. A masana'anta ake yanke ƙofa da taga da hanyar wayar wuta, da injin da kwamfuta ke sarrafawa. A wurin gini sai dai a ɗaga, a ɗaure. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na kankare, don haka harsashi ma yakan yi sauƙi. Kuma kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiya ta zuƙo daga iska. Muddin katakon na tsaye cikin gini, kabon ɗin na ɗaure a nan.

Amma da sharaɗi: sai in an dasa wata bishiya a gurbin wadda aka sare. A Ostiriya da Suwidin da Kanada akwai dazuzzukan da ake noma kamar gona, na dogayen itatuwa miƙaƙƙu masu taushin sassaƙa. Mu me muke da shi? Gawo, bagaruwa, aduwa, kalgo, bedi. Gajeru ne, karkatattu, kuma kowanne ya fi amfani a tsaye. Manoman Maraɗi da Damagaram sun dawo da itace a gonaki kusan hekta miliyan 5 ta hanyar kyale tohon kututture ya girma. Jerin bedin da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 yana can yana tare wa gero iska. Ba don a mai da su allo aka sha wannan wahala ba. Giginyar Gaya da kakanninmu ke tsagawa su yi azara, wadda gara ba ta cika iya mata ba, ita ma ta yi ƙaranci har sai da hukuma ta sa mata ido. Katakon da kafintocinmu ke aiki da shi daga Najeriya da Gana da sauran ƙasashen gaɓar teku yake zuwa, kuma ba kullum mai saye ke sanin daga wane daji aka saro shi ba.

Ke nan mannannen katako sai an shigo da shi: jirgin ruwa daga Turai zuwa Lome, babbar mota sama da kilomita 1,000 ta Burkina zuwa Yamai, sannan wasu 500 da ɗoriya zuwa Tawa. A nan zan yi wa ƙanena adalci. Na taɓa zaton hayaƙin wannan doguwar tafiya zai cinye duk ribar kabon, amma ba haka ba ne. Jirgin ruwa ba ya ƙona mai da yawa a kan kowane tan, katakon kuma ba shi da nauyi. Matsalar hanya kuɗi ce da jira, da wani abu da ya fi su: allon da aka yanke a masana'anta ba a gyara shi a wurin gini. Awonsa na milimita ne. Idan maginin da ya zuba harsashi ya kauce da yatsa biyu, abin da ke faruwa kullum kuma a toshe da kwaɓi, to bangon katako ba zai zauna ba, kuma masana'antar tana wata nahiya. Ga injin ɗaga kaya da za a yi haya, ga dogayen kusoshi na musamman, ga ma'aikatan da suka san ɗaurin. Ko ɗaya ba ka samun sa a kasuwar Tawa.

Sai yanayi, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Ana haɗa wannan katako yana da danshi kusan kashi 12 cikin 100, daidai da iskar gidajen Turai. Kowa a nan ya san halin ƙofar katako: da damina ta kumbura ta ƙi rufuwa, da hunturu ta tsuke har kana hango tsakar gida ta tsaga. Gicciyen shimfiɗu yana hana allon motsi da yawa, gaskiya ne, amma idan iskar hunturu ta busar da fuskarsa alhali cikinsa bai bushe ba, sai fuskar ta tsattsage. Ruwa kuma shi ne babban abokin gabarsa ko a can ƙasashensu: idan ya shiga ta bakin yanka ko ya kwanta ƙarƙashin daɓe aka rufe shi, ruɓa ce ke biyo baya a ɓoye. Muna da sa'ar wata takwas babu ruwa, sai a ɗaura gini cikin kwanciyar hankali. Amma ruwanmu idan ya zo da guguwa yake zuwa, a kaikaice, yana dukan bango kamar bulala.

Gara kuwa, a Norwe ba su san ta ba. A nan sai an jiƙa katakon da magani, an ɗaga shi bisa dakalin kankare nesa da ƙasa, an bar wurin da ido zai riƙa ganin hanyarta, kuma wani ya riƙa dubawa duk shekara har ƙarshen rayuwar ginin. Wa zai yi wannan bayan mu?

Wuta ce mutane suka fi tsoro, ni kuma ita ce ta fi ba ni sauƙi. Ƙaton gungume ba ya ci kamar kara. Bayansa ne ke zama gawayi, gawayin ya kare cikin, ci yana tafiya kusan santimita 4 a awa guda, kuma injiniya yana ƙara kauri don wannan. Sai dai lissafin an yi shi ne da zaton akwai famfunan yayyafi a silin da ƴan kwana-kwana da za su iso da wuri. Wani abu kuma da hoton waya ba ya nunawa: benen na Norwe an zuba masa daɓen kankare a hawan sama don ya yi nauyi iska ta daina kaɗa shi, shi kuwa benen katakon da ya fi shi tsayi a Milwoki ta Amurka, da aka gama a 2022, a kan hawa-hawan kankare yake zaune. Ko su ba su rabu da siminti ba, rage shi suka yi.

To, simintin Kawu. Ba taurin kai ba ne ya sa ya nace. Kowane magini ya iya shi, ko'ina ana sayar da shi, kuma daga Malbaza zuwa Tawa ba wata tafiya ba ce. Ruwa ba ya narka shi. Wanda ya ga daminar 2020 a Yamai, ko ta 2024 da ta rushe dubban gidajen laka har da tsohon masallacin Birni a Damagaram, ba za ka ga laifinsa ba idan ya ce shi da ƙasa har abada. Bayan wannan ambaliya gwamnati ta rage farashin siminti don mutane su sake gini, abin da ya ƙara masa farin jini. Mai haya ma ya fi son shagon siminti, mai saye ya fi ba shi daraja.

Aibinsa kowa ya sani a jikinsa. Bulo mai rami, kaurin santimita 15, a ɗora masa kwano: kafin azahar ɗakin ya zama tanda. Rufin kankare kuma yini yake yana shan rana, da dare ya juye maka ita a ka. Daga nan sai fanka, sai na'urar sanyaya ɗaki ga mai hali, sai kuɗin wuta kowane wata, kuma wannan hayaƙin na shekara arba'in ne, ba na ranar gini kaɗai ba. Ƙarfin da ake yaba masa ma ba kullum yake nan ba. Na sha kama bulo a wurin aiki ya marmashe a hannuna, saboda mai bugawa ya ja buhu ɗaya ya fidda abin da ya fi ƙarfinsa, bai kuma ba shi ruwa ba.

Yanzu ƙasa. A fara raba ta biyu, domin a nan ake ruɗewa. Tubalin laka da ake bugawa a bakin tafki a shanya daban, tubalin matsi daban. Na matsi, marmara ake tankaɗewa, a gauraya da siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a yayyafa ruwa ta yi danshi kawai, a matse cikin inji. Wani injiniya, Raúl Ramírez, ya ƙirƙiro injin hannu na wannan aiki a Kolombiya cikin shekarun 1950, kuma maƙeranmu na walda suna iya kwaikwayonsa. Tubalin yakan fito da tsawon santimita 29.5, faɗi 14, kauri 9, gefensa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Ba a gasa shi. Lulluɓe shi ake da leda ana ba shi ruwa, sai ya yi kusan wata guda kafin ya shiga bango.

Ba sai mun je Turai neman shaida ba, a jiharmu take. A Yama, Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a da laka a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin matsi, aka gama a 2018. A Yamai akwai gidaje shida masu bene na unguwar Niamey 2000, da aka gama a 2016, su ma da wannan tubali. Waɗannan gine-gine sun ga damina da bazara, suna tsaye, kowa na iya zuwa ya taɓa.

Sai dai akwai lissafin da masu son ƙasa irina ba su cika faɗa ba, ni kuma zan faɗa. Bangon tubalin matsi mai ɗaukar nauyi, kaurin santimita 29.5, murabba'in mita ɗaya yana kai kilo 550 da wani abu. Kashi 6 cikin 100 na wannan ya haura kilo 30 na siminti. Bangon bulo kuwa, bulo 12 ko 13 ne a murabba'in mita. Idan buhu ya fidda 30 zuwa 35, siminti kilo 20 ke nan, ka ƙara kwaɓin jeri da yaɓe ciki da waje, sai ka ga sun zo kusan kai ɗaya. Ashe ribar ba a tubalin kanta take ba. Tana wurin abin da ka daina saye: ba yaɓe, ba fenti, ba ginshiƙin kankare da rodi a kowace kusurwa tunda bangon ne ke ɗauke da kaya, bangayen ciki kuma a yi su sirara, faɗin 14. Wanda ya tsayar da ginshiƙan kankare, ya cike tsakaninsu da tubalin matsi mai kauri, ya kuma shafe shi da siminti, bai rage komai ba, launi kawai ya sauya.

Wajen zafi, bango mai kauri yana jinkirta rana awoyi da dama, ɗakin ya yini da sanyi-sanyi. Ga shago da ajin yamma wannan shi ake nema. Amma zafin da ya sha da rana zai sake shi da dare, kuma daren bazara a nan ba ya sanyi sosai, don haka dole a bar tagogi masu fuskantar juna da kafofi can sama inda iska mai zafi za ta fita. Katako a nan akasin haka yake: ba ya barin zafi ya ratsa da sauƙi, amma ba shi da nauyin da zai riƙe sanyin asuba.

Raunin tubalin matsi uku ne. Ba kowace ƙasa ke yi ba: mai yumɓu da yawa tsagewa take, mai yashi da yawa marmashewa. Maginan da suka iya jera shi da tsabta kaɗan ne, tunda babu yaɓen da zai rufe kuskure. Sannan ruwa: gindin bango da samansa su ne wuraren mutuwarsa. Gidajen da ke faɗuwa da damina, yawancinsu ruwa ne ya kwanta musu a gindi ko indararo ya toshe. Harsashin dutse da siminti har zuwa gwiwa, da rufi mai baki da ya fito sosai, su ne maganin. Dutse kuwa Adar ba ta rasa shi ba. Fili a cikin kwari ko hanyar ruwa, wannan ban ba kowa shawarar ƙasa a can ba, ko ta matsi ce.

Da na kai nan sai na gane gardamarmu ta bango ce, alhali wahalar tana rufi. Tun zamanin kakanni bango bai taɓa gagarar Bahaushe ba. Azara ce ke wuya. Saboda ita aka fara gini marar itace a Cikal, ƙasar Filinge, a 1980, inda ake rufe ɗaki da tulluwa da baka na tubali zalla, kuma an horar da magina da dama a kai. A Burkina, wata ƙungiya da aka kafa a 2000 tana yaɗa rufin baka irin na Nubiya, amma faɗin ɗakinsa bai cika wuce mita 3 da kwata ba. Wannan ya ishi shago, bai ishi aji mai faɗin mita 6 ko 7 ba. Ga aji, dabarar da Francis Kéré ya bi a makarantar Gando a 2001 ta fi dacewa: silin na tubali a ƙasa, kwano a ɗage can sama bisa ƙarafa, iska na ratsawa tsakani tana kwashe zafi. Idan akwai wurin da mannannen katako zai ci kuɗinsa a gininmu, to nan ne: azara ƴan ƙalilan, a inuwa, nesa da ƙasa da gara, inda ido ke ganinsu. Kaya kaɗan ne, mota ɗaya ta isa. Amma ƙarfen da mai walda na Tawa zai haɗa yana yin aikin, kuma idan ya lalace shi zai dawo ya gyara. Abu guda na roƙi ƙanena: kada ya sa kafinta ya manna masa azara da farin gam na kujera. Gam ɗin gini daban ne, matsinsa da bushewarsa da awo ake yi, kuma azarar da ta ɓalle kan yara za ta faɗo.

Da otal ne mai hawa takwas a tsakiyar Yamai, da masu kuɗi da injiniyoyin da za su tsaya a kai, sai in ce a gwada kankare a ƙasa da katako a sama, mu ma mu koya. Da filin a bakin gulbi yake, sai in bi Kawu ba gardama, in dai roƙe shi ya ɗaga rufi ya sa silin. Namu bene ɗaya ne a kan tudu, kuɗinmu a ƙirge suke, kuma waɗanda za su kula da shi ƴan unguwa ne. Don haka na kai musu wannan: harsashin dutse da siminti, bangon tubalin matsi, shaguna masu faɗin mita 3 da rufin baka wanda zai zama daɓen sama, ɗamarar kankare da rodi a kowane hawa don ta riƙe turin bakan, kwano a ɗage a can bisa, katako kuma a ƙofofi da tagogi da rumfar da za ta kare bangon yamma. Injiniya zai yi lissafin nauyi kafin a haƙa ko taki ɗaya.

Ƙanena ya karɓa, da sharaɗin a nemo masa farashin azarar manni guda shida a kwatanta da na ƙarfe. Kawu bai ce e ba tukuna. Ya ce, "Ɗana, ni sai na ga gindin bangon da idona bayan ruwa." Mun sa ranar zuwa Dandaji cikin watan Agusta, washegarin duk ruwan da ya fara sauka mai ƙarfi. Kafin nan na ɗebo ƙasa daga wuri uku, na zuba kowace a kwalba da ruwa na girgiza, suna kan taga suna kwanciya: tsakuwa da yashi a ƙasa, yumɓu a sama. Ta ramin marmara da ke gabas da filin ita ta fi kyan rabo, kuma ita za mu aika Yamai a gwada ƙarfinta.